Lambar Da Ba Ta Wucewa Sai Ta Hannunsa

Akwai wani mai rubuta manhaja da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Sai-da-ni. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba, har washe baki yake idan an kira shi.

A kamfaninsu na'ura ce ke haɗa manhaja mataki-mataki: wannan ya haɗa, wancan ya gwada, na ƙarshe ya tura wa masu amfani. Sai dai kowane mataki sabo fil yake tashi, bai san me na baya ya yi ba. Na farko kan fitar da lambar sabon zubin manhajar, kuma dole a ajiye ta inda na gaba zai ɗauka. Layi ɗaya na umarni za a rubuta wa na'urar, shi ke nan.

Gogan naku ya ƙi rubuta layin. Ya tsara aikin ya riƙa tsayawa cak har sai ya kwafi lambar ya liƙa da hannunsa. Wata abokiyar aikinsa ta ce ya bari ta duba, ya ce abin ba ya gyaruwa. Gaskiyar magana, tsoro yake kada wata rana a ga ba a buƙatarsa.

Aka kuwa buƙace shi har ya gane kurensa. Ɗakin aikinsa ba taga, sai fanka mai ƙara da allon kwamfutar da ke jiran lamba. A kan teburinsa yake cin abinci. Hutu ya gagara, ko banɗaki ya shiga waya na binsa. Ranar da 'yarsa ta fara tafiya, a bidiyo ya gani, abin ya sosa masa rai ƙwarai.

Da aka buɗe reshe kusa da gidansa ana neman shugaba, ya ga mafita ta zo. Ya saka rigarsa mafi kyau ya tafi wurin manaja.

Manaja ya ce ya cancanta, amma abokiyar aikin nan tasa aka ba, don ita aikinta na tafiya ko ba ta nan. "Kai in ka tafi, wa zai miƙa lambar?"

"Ranka ya daɗe, layi ɗaya ne fa. Yau zan rubuta."

Manaja ya cire tabarau ya dube shi. "Layi ɗaya? Ba kai ka ce mana ba ya gyaruwa ba?"

Sai-da-ni ya juya ya fita. Ya koma ɗakinsa jiki a sanyaye, ya tarar allon na jiran lamba. Ya zauna ya liƙa.

Darasi: Abin da ya kamata ka miƙa wa na gaba, miƙa shi. In ka riƙe don kada a iya yi ba kai, kai ma ba inda za ka. Ku tura wa duk wanda kuka san ya rungume aiki shi kaɗai.