Soron Ciroma da Nonon Zakanya

An yi wani Ciroma mai alfahari da tsohon soron kakanninsa. Kullum yakan ce da nonon zakanya aka kwaɓa ƙasar ginin, shi ya sa bai taɓa tsagewa ba. Wata damina sai ga bango ya dare. Ya sa aka kira Jatau magini.

"Ka gyara shi yadda aka gina shi, da nonon zakanya. In ka sa ruwa, ka bar garin nan."

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, wa ya tatso wa kakanka nonon?"

"Shi da kansa mana! Zakanya za ta tsaya talaka ya taɓa ta?"

"To ni talaka ne jikan talaka." Jatau ya miƙa masa ƙwarya. "Akwai wata da ta haihu a bayan dutse. Sai jinin gidan ne zai iya tatsar ta. Ni zan jira da ƙasa."

Fadawa suka ɗauka: "Jikan mai tatsar zakanya! A ɗaura sirdi!"

Ciroma ya dubi ƙwaryar nan.

"Jatau, da na sake tunani, kamar nonon akuya ne."

"Akuyar ma tana tunkuyi, ranka ya daɗe."

"To, sa ruwa!"