Kurege da Shunin Gano Yoyo

Ga wata nan tafe, ku gyara zama ku karɓa.

Kada da Dorina suna da tafki guda. Kada na cin tarwaɗar ciki, Dorina na kwana a ruwan. Kurege kuwa yunwa ta sa shi gaba, sai ya haƙa rami daga ɗakinsa, ta ƙarƙashin gaɓa, har cikin tafkin. Ruwa na tsiyaya, kifi na biyowa har bakin murhun matarsa.

Ruwa ya yi ta ja baya, har rana ta fara gasa bayan Dorina. Kada ya rantse zai tone gaɓar kaf, wanda ya huda ta kuma sai ya haɗiye shi ɗanye. Kurege ya ji labari.

Da gari ya waye ya shafe jikinsa da toka, ya naɗa rawani, ya ɗauko tulun shuni da ludayi daga marina, ya nufi wurin su Kada.

"Ni ne Sarkin Yoyo," in ji shi. "Na kama yoyon kogi da ludayi ɗaya! A zuba shuni, inda ruwa ke zurarewa nan zai ja shi kamar zare. Ladana kwandon tarwaɗa."

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Shuni ba ya nuna hanya sai ruwa na kwance. Saboda haka yana zubawa ya ce wa Dorina, "Ranki ya daɗe, shiga ki dama." Dorina ta yi ta birgima, tafki ya rine baki ɗaya, ba zare ba alamarsa.

"Wannan yoyon da taurin kai yake. Sai gobe." Ya saɓa kwandonsa.

Da gari ya waye ya sa Kada ya kaɗa ruwan da wutsiya. Wani kwandon ya tafi.

Rana ta uku Dorina ta ce, "Malam, bayana ya ƙage. Yau ko kunne ba zan motsa ba." Kada ma wutsiyarsa ta yi tsami.

"To a bari sai jibi," in ji Kurege.

Kada ya fizge ludayin ya zuba da kansa. Ruwa na kwance lumui. Shuni ya miƙe siriri, ya nufi gaɓa, ya shige wani ɗan rami. Suka haura gaɓar, Kurege na biye yana gumi.

Can sai ga matar Kurege ta fito daga ɗaki, ƙafafunta shuɗi. Ta dubi mai rawani ta ce, "Maigida, me kake zuba mana a ruwa ne? Kwana uku kifinmu duk a rine."

Kada ya kai cafka, ya samu rawani da gashin wutsiya. Dorina ta take ramin ya toshe. Kurege ya ari ta kare, matarsa na biye, sai kan wani suri mai nisa.

Yana lasar wutsiya ya ɗaga murya. "Na ce zan nuna muku yoyo, ban nuna ba? To ina kwandon yau?"

Ƙurunƙus, kan tarwaɗa mai shuni.