Hon Ɗin da Mai Siminti Ya Ƙi Saurara

Akwai wani mutum da ake kira Mai Siminti. Yana da a-kori-kura mai shan dizal, kuma ba a zama da shi sai ya yabe ta.

Mijin yayarsa tela ne, mai wata tsohuwar mota ƙarama. Duk haɗuwa sai Mai Siminti ya tsokane shi: "Yaya, wannan gwangwanin naka, ka sa kaji a ciki mana su yi ƙwai."

Tela sai dai ya yi murmushi.

Wata rana da azahar motar Tela ta mutu a bayan gari. Mai Siminti ya zo janwe yana dariya. Ya ɗaura igiya, Tela ya zauna a tasa motar yana riƙe da sitiyari, suka kama hanya.

Suna fara hawan wani dogon tudu, Tela ya ga ɗige-ɗigen ruwa mai launin kore suna faɗowa kan gilashinsa. Daga ƙarƙashin motar gaba suke fitowa. Ya danna hon. Ya sake dannawa, ya fito da hannu yana alamar a tsaya.

Mai Siminti ya gan shi ta madubi. Ya duba gabansa, ya ga allurar zafi ta kusa kai ja. Ya gane. Amma ta yaya zai tsaya a gaban mutumin da ya gama yi wa dariya, a ce tasa ma ta gaza? Sai ya ƙara taka totur.

Ba su gama tudun ba tururi ya turnuƙe bonet, injin ya mutu.

Ya diro a fusace, ya ɗaga bonet, ya kai hannu kan marfin lagireto.

"Kar ka buɗe!" Tela ya yi ihu yana gudu.

Amma Mai Siminti ya riga ya murɗa. Tela ya ture shi gefe, tafasasshen ruwan ya feso a kan hannun Tela na dama, tun daga yatsu har gwiwar hannu.

Washegari bakanike ya nuna wa Mai Siminti wani tiyo da ya tsage. "Nauyin ja da hawan tudu ne suka fasa shi, ruwan ya tsiyaye. Da ka tsaya tun farko, tiyo kawai za a sauya. Yanzu gasket ya ƙone, sai an sauke kan injin. Ba ka ga allura ba ne?"

Mai Siminti ya sunkuyar da kai.

Da ya je dubiya, ya tarar da wata mata tana kwashe yadinta daga kan keken ɗinki, za ta kai wa wani telan. Tela na zaune, hannunsa a naɗe, yana ba ta haƙuri.

Yayar Mai Siminti ta tare shi da fara'a. "Ƙanina, Allah ya saka maka da alheri. Mijina ya ce min ba don kai ba da a daji zai kwana. Ƙunar kuma ya ce gangancinsa ne."

Mai Siminti ya kalli Tela. Tela ya girgiza masa kai a hankali, wato ya yi shiru.

Bai iya ba. Ya ce wa yayarsa, "Yaya, ba haka aka yi ba. Ya yi ta min hon, na ƙi tsayawa. Ni na buɗe marfin. Ruwan nan fuskata zai samu."

Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauko maganin shafawa ta ɗora masa a tafin hannu.

"Lokacin sauya bandeji ya yi," ta ce. "Durƙusa."

Ya durƙusa a gaban Tela, ya fara warwarewa, hawaye na hana shi gani sosai.

Darasi: Idan an yi maka gargaɗi, ka tsaya ka saurara, ko da daga bakin wanda ka raina ne. Girman kai ba mai shi kaɗai yake ƙonawa ba, sau da yawa masoyinka ne ke ɗaukar zafin. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya taka birki kafin ya makara.