Hoton Kan Hansatu

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai gyaran keke, sunansa Haladu. Garin ba zan faɗa ba, don wallahi kama da namu yake. Ku saurara.

'Yarsa Hansatu, 'yar shekara tara, ta wayi gari hannunta na fizga, kafaɗa na rawa, kofi ba ya zama a hannunta. Nan da nan gari ya raba aiki. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce iskanci ne, a zane ta. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga gare ta.

Haladu ya kai ta babban asibiti. Aka tura ta cikin na'ura aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Aka tsefe mata kitso, aka manna mata wayoyi a ka, aka auna. Likita ta ce, "Ba ƙari a ƙwaƙwalwa, ba farfaɗiya. Ciwon maƙogwaron da ta yi a baya ne ya jawo. Cuta ce ta gaske, amma sau da yawa hoto ba ya nuna ta."

A hanya yayansa Gambo ya ce, "Haladu, ka ce musu an ga tabo a hoton. Wa zai duba? Ka rufe bakinsu."

Ya ce, "Yaya, ba a gani ba."

A ƙofar masallaci aka tare shi. "Me hoto ya nuna?"

"Bai nuna komai ba. Amma likita ta ce..."

Ina! Wa ya tsaya jin sauran? "Ai mun faɗa!" Kafin la'asar yara sun mai da tafiyarta abin kwaikwayo, manya na dariya. Manya fa, masu gemu!

Haladu ya riƙa kai ta asibiti ana yi mata allura, har jikin ya lafa. Ta warke, amma ba ta sake fita dandali ba. In baƙo ya shigo, sai ta ɓoye hannunta a bayanta. Wata rana tana kallonsa yana liƙe taya, ta ce, "Baba, da ka ce musu an gani." Haladu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan tayar.

Jama'a, gaskiyar Haladu tana wurin Allah, ladansa ba zai ɓata ba. Amma hakkin yarinyar nan yana wuyan garin da ya sa gaskiya ta zame wa uba abin kuka. Kai da ke zaune nan, sai an nuna maka hoto kafin ka tausaya wa ɗan maƙwabcinka? To, ranar da za a tambaye ka, ba hoto za a nema ba.