Kabejin da Rifkatu Ta Dasa

Akwai wani mutum a ƙasar tuddai, inda sanyi yake da ƙarfi, yana da ɗan lambu a bayan gidansa. A gaskiya lambun na matarsa ne, Rifkatu. Shi aikinsa gonar dankali da masara. Ita ce mai tumatir da latas da karas, ita ce kuma takan kai nunan fari na lambun gaban ikilisiya kowace shekara.

Wata shekara aka ba Rifkatu irin wani kabeji na ƙasar Turai, ana ce da shi kabejin Burasel. Ta yafa shi a wani tsohon baho, da ya tsiro ta dasa kunya biyu a ƙarshen damina. Mijin ya tambaye ta wane irin kabeji ne wannan, sai ta yi dariya ta ce ya jira ya gani. Bai sake tambaya ba, gama yana tsammani akwai lokaci. Amma kafin dashen ya kama ƙasa sosai, ciwo ya kwantar da ita, Ubangiji kuwa ya kira ta gida.

Da masu zaman makoki suka watse, mutumin ya bar zuwa gona, ya bar zuwa sujada. Abu ɗaya ne bai bari ba, wato ban ruwan kunyoyin nan biyu, domin su ne abu na ƙarshe da hannun Rifkatu ya taɓa. Ya ce a ransa, ranar da kabejin ya dunƙule kai, zai yanke na fari ya kai ɗakin sujada a madadinta, ya san Allah bai manta da gidansa ba. In kuwa bai yi ba, to, shi ke nan.

Mutumin nan ya san kabeji tun yana yaro. Ya san yakan zauna kusa da ƙasa, ya naɗe ganyensa ya yi kai guda babba. Saboda haka kowace safiya yakan leƙa tsakiyar ganyen sama, ko an fara naɗewa. Amma wannan kabeji sai tsawo yake yi. Ya kai gwiwa, ya wuce gwiwa, ganyensa a buɗe kamar tafin hannu. Wani maƙwabci ya leƙo ta kan shinge ya ce ai namiji ne, kamar namijin gwanda, ko shekara za a yi ana zuba masa ruwa ba zai ba da kome ba. Da sanyi ya shigo, ganyayen ƙasa suka fara yin rawaya suna zubewa. Mutumin ya ce, ashe wannan ma tafiya zai yi.

Ran nan da hantsi ya ɗauki fartanya ya shiga lambun. Ya sare karan kabeji na farko, ya sare na biyu. Ya ɗaga hannu ke nan a kan na uku, sai ga Afiniki, ƙanwar Rifkatu. Tun rasuwar takan kawo masa gwate a kwano ta ajiye a bakin ƙofa ta koma, don ba ya son magana. Wannan karo ƙarar sara ce ta jawo ta bayan gida.

Ta ce, "Mijinmu, yau kuma da kabeji ake faɗa? Me ya yi maka?"

Ya ce ya sha ruwansa a banza, namiji ne, ba ya yin kai.

Afiniki ta ajiye kwanon, ta durƙusa, ta juya karan da aka sare, ta buɗe ganyayen da hannu. Sai ga waɗansu 'yan ƙananan kabeji manne a jikin karan, tun daga gindi har sama, na ƙasa kamar ƙwan zabo, na sama kamar gujiya. A hammatar kowane ganye akwai ɗaya. Inda ganyen ya riga ya zube kuwa, nan ne suka fi girma.

Ta ce, "Duk shekarun da ka yi da Yaya, ba ta koya maka sunkuyawa ba? Wannan ba ya ɗaukar kaya a ka, goyo yake yi."

Ta faɗa masa yadda Rifkatu ta koya mata: a riƙa cire ganyen da ya yi rawaya, a fara tsinka daga ƙasa, na sama su biyo baya, sanyin nan da yake ƙi kuma shi ne yake sa su daɗi. Ya tambaye ta don me ba ta faɗa masa tuntuni ba. Afiniki ta ce, "Ita ta hana ni. Ta ce tana so ta ga fuskarka ranar da ka gani."

Mutumin ya saki fartanyar, ya zauna a kan kunya, su biyu suka yi kuka. Biyun da ya sare ba su tashi ba. Amma sauran suna nan. Ranar Lahadi ya tsinki cikin ƙaramin kwano ya kai gaban ikilisiya. Yara suka yi ta dariya, suna cewa kabeji ya haihu.

To, ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: mutumin nan shi ne kowane ɗayanmu da aka yi wa rashi. Ni ma na raka nawa makabarta, na san yadda mutum yakan tsaya yana duban sama, yana jiran ta'aziyya guda babba wadda za ta zo rana ɗaya ta rufe ramin duka. In ba ta zo haka ba, sai mu ce Allah ya yi shiru, mu ɗauki fartanya. Amma sau da yawa Ubangiji yakan aiko da ita ƙanana ƙanana, ƙasa ƙasa, daidai wurin da wani abu ya rabu da jikinmu. Kwanon nan da ake ajiye wa mutumin a bakin ƙofa, ai ɗaya ne daga cikinsu, yana ci kullum bai lura ba.

Ba na ce ganyen da ya zube zai koma wurinsa ba. Rifkatu ba ta dawo ta ga fuskar mijinta ba. Amma kai da kake riƙe da fartanya a wannan mako, kafin ka sare abin da ya rage maka, sunkuya tukuna ka ɗaga ganyen.