Iskar da Ta Shiga Birkin Mahamadou

A Zangon Lome akwai wani direba mai suna Mahamadou, mai wata tsohuwar kat-kat, irin motar nan da ba ta tsoron daji ko laka. Da ita yake kai fatake kasuwannin shanu na ƙauye. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, kuma ya san mota ciki da waje. Aibinsa ɗaya ne, girman kai. Gara ya wuni yana fama da abu shi kaɗai da ya buɗe baki ya ce a kama masa.

Yana da ƙane mai suna Rachid, gida ɗaya suke, ƙofa na kallon ƙofa. Wata rana da damina motar ta kafe a laka a bakin kasuwar Hédzranawoé. Mahamadou ya yi ta ba ta wuta, tayoyi na juyawa a banza. Rachid ya zo wucewa, ya ce, "Yaya, sauko in gwada." Ya shiga ya fitar da ita cikin sauƙi, 'yan zemijan, wato masu acaɓa, da ke tsaye da baburansu suka tafa masa. Iyakar laifin yaron ke nan. Tun daga ranar Mahamadou ya ɗaura gaba da shi, ba gaisuwa, ba cin tuwo a kwano ɗaya. Mahaifiyarsu, Inna Oumou, ta yi faɗa, ta yi lallashi, har ta gaji ta zuba ido.

Ana nan, sai dutse ya yanke tiyon birki a hanyar daji. Mahamadou ya lallaɓo gida, ya sa sabo da kansa, ya cika man birki. Da ya taka sai ya ji laushi tuɓus, kamar ya taka burodi. Ya duba mai, yana nan a cike. Ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, babu inda ke yoyo. Ya duba takalman birkin, da sauran ransu. Nan ya gane iska ce ta shiga hanyar mai lokacin da ya canza tiyo.

Maganin ma ya sani, kuma shi ne abin da ya ɓata masa rai. Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana ciki yana taka birki, ɗaya yana ƙasa yana buɗe ɗan notin bayan taya yana rufewa, kuma dole su riƙa magana da juna. Idan ya kira wani daga waje, kafin la'asar Zango ta ɗauka cewa Mahamadou ya tsallake ƙanensa ya je bara. Idan ya kira Rachid, ya sauko ke nan. Ga shi washegari zai kai Inna suna, domin jikarta Nafissatou ta haihu a wani ƙauye kan duwatsun bayan Kpalimé, hanyar da duk gangara ce da kwana, gefenta kwazazzabo.

Sai ya ɗauko taɓaryar matarsa. Ya danna birki, ya tokare shi da ita a jikin kujera, ya zagaya ƙasa da gudu ya buɗe noti. Taɓarya ta zame, birki ya dawo, ya zuƙi iska fiye da da. Ya sake, ta sake zamewa. Da ya gaji sai ya fara yi wa kansa fatawa. Ya lura idan ya taka sau biyu ko uku da sauri, birkin yana ɗan kamawa. Ya goge hannu ya ce a ransa, "Ƙafata ta san motata."

Da safe ana loda ragon suna da kayan barka, Rachid ya matso. Ya ga rawar da aka yi da taɓarya jiya, ya kuma san abin da take nufi.

"Yaya, birkin nan bai yi ba. Bari in taka maka, yanzu za mu gama."

Mahamadou ya wuce shi kamar bango ne ya yi magana. Ya buɗe wa Inna gaba, ta zauna da carbinta, suka tashi.

Ba su kai ga kwalta ba. A ƙarshen layin wani ɗan zemijan ya ɓullo daga lungu, ɗauke da mace mai goyo. Mahamadou ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, motar ba ta ko rage gudu ba. Babu lokacin taka na biyu. Ya finciki birkin hannu, ya karya sitiyari, motar ta nutse cikin tulin yashin masu buga bulo. Babur ya wuce da ƙyar. Goshin Inna ya bugi gaban mota, carbinta ya tsinke, 'ya'yansa suka watse a ƙasa.

"Inna, kin ji ciwo?"

"Ban ji ba. Allah ya tsare."

Tsoro ya kama Mahamadou irin wanda bai taɓa ji ba, domin ba yashin yake gani ba, gangaren Kpalimé yake gani, da tsohuwar nan a kujerar gaba.

Inna ba ta faɗin sunansa, don shi ne ɗan fari. Ta shafa goshinta ta dube shi.

"Kai, ka san da wannan matsalar kafin mu fito?"

"Na sani, Inna."

"Me ya hana ka gyarawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Aikin mutum biyu ne."

"Ni kuwa biyu na haifa," in ji ta. Ta sunkuya tana tsintar carbinta.

Mahamadou ya koma gida a ƙafa, duk layin na kallonsa. Ya tsaya a ƙofar ƙanensa.

"Rachid."

"Na'am, Yaya."

"Zo ka taka mini birki."

Rachid bai ce ai na faɗa maka ba. Ya ɗauko kwalba da ɗan siririn tiyo ya bi bayansa. Aka turo motar daga yashi, Mahamadou ya kwanta a ƙasa, suka fara daga tayar baya mafi nisa.

"Taka!"

"Na taka."

"Riƙe."

"Na riƙe, Yaya."

Mai ya fito cikin kwalba da kumfa. Mahamadou ya rufe noti, ya ce a sake. Haka suka bi tayoyin duka, suna ƙara mai kada ya ƙafe, har kumfa ta ɗauke. Rachid ya taka, ya leƙo yana murmushi.

"Ya yi tauri, Yaya. Zo ka ji."

Mahamadou ya taka, birki ya tsaya masa a sama ƙam. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ji wani nauyi ya bar ƙirjinsa wanda ya girmi matsalar motar. Ya dubi ƙanensa ya ce, "Shiga baya kusa da rago. A gangare kai za ka karɓe ni." Inna ta juya fuska wajen taga don kada su ga dariyarta. Sun isa ƙauye lafiya, kuma a kwano ɗaya suka ci tuwon suna.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, girman kai ba mai shi kaɗai yake jefawa a rami ba, har da waɗanda suka amince suka zauna a gefensa. Mahamadou bai rasa sani ba, bai rasa mataimaki ba, furta "zo ka kama mini" ne ya yi masa nauyi, har ya kusa biya da ran mahaifiyarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ka san aiki na mutum biyu ne, kira ɗan'uwanka tun kana ƙofar gida, domin ba kowa ke samun tulin yashi a gabansa ba.