Allurar Motar Alhaji Sambo

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, bakanike ne, ana ce masa Jatau. In ka tambayi direbobin tasha, sai su ce, "Jatau? Da kunne yake gane ciwon mota." In ka tambayi matarsa, sai ta ce maganar da yake yi a yini ba ta cika cokali ba.

To, ku saurara. A garin akwai Alhaji Sambo, mai wata tsohuwar mota ja, kujera biyu, ba rufi, gadon mahaifinsa. Ranar Juma'a kaɗai take fita. A zuba mata galan guda, ta je masallaci, ta zaga gari, ta dawo. Allurar mai kuwa shekara da shekaru tana tsaye cik a kan rabi. Alhaji har nuna wa mutane yake yi: "Kun ga motar da? Ba ta shan mai!"

Ran nan warin fetur ya dame shi, ya kai wa Jatau. Jatau ya tsiyaye man a jarka, ya kwance ma'aunin da ke cikin tanki, wato ɗan ƙarfen nan mai ƙwallo a baki, wanda ke yawo a saman mai yana gaya wa allura abin da ya rage. Ya tarar tsatsa ta cinye shi, ya maƙale. Ya sa sabo, ya mayar da man, ko ɗigo bai rage ba. Aka tayar da mota. Allura ta sauko, ta kwanta can ƙasa.

Alhaji ya ɗaga murya a gaban jama'a. "Jatau! Da rabin tanki na kawo maka mota. Ina maina?"

"Ranka ya daɗe, abin da na tarar ke nan. Tsohon ma'aunin ne ya maƙale."

"Shekara ashirin bai maƙale ba, sai da ya gan ka?"

Aka fashe da dariya. Jatau ya ji abin har cikin ƙashinsa, don sunansa shi ne jarinsa. Ɗan'azumi mai faci ya ja shi gefe. "Kai, lanƙwasa ƙarfen nan kaɗan mana, allura ta koma rabi. Alhaji ya yi murna, kai ka huta."

Aikin minti ɗaya ne, jama'a, minti ɗaya! Jatau ya ce, "In na lanƙwasa, wata rana a daji motar za ta ajiye shi."

Alhaji ya ja motarsa yana cewa gobe zai je ƙauye sunan jikansa, kuma da rabin tankinsa zai je, allurar Jatau ta faɗi abin da ta ga dama.

Da safe Jatau bai buɗe gareji ba. Ya cika galan, ya ɗaure a bayan babur, ya bi hanyar ƙauyen a hankali. Can bayan gada ya hango jar mota a gefen titi, Alhaji na tsaye da babbar riga yana fifita da hula. Jatau ya yi sallama, ya buɗe tanki, ya juye galan. Allura ta ɗan ɗaga kai.

Alhaji ya kafa wa wata gonar dawa da ke gefen hanya ido. Can ya ce, "Yau akwai rana."

"Akwai, ranka ya daɗe."

Alhaji ya samu raɗin sunan jikansa. Jatau kuwa ko matarsa bai gaya wa ba.

'Yan'uwa, darasin a fili yake. Kowannenmu yana da allurar da ta maƙale a kan rabi, yana jin daɗin kallonta. In Allah ya haɗa ka da mai gaya maka gaskiyar abin da ya rage, kada ka kira shi ɓarawo. In kuma kai ne mai gyaran, kada ka lanƙwasa ƙarfe don a yi maka murmushi. Faɗi gaskiya, sannan ka bi ɗan'uwanka da galan.

Alhaji fa? Sai da ya yi Juma'a uku yana wuce garejin, kansa a sunkuye. A ta huɗu ya tsaya, ya fito, ya sa aka kira Ɗan'azumi da duk waɗanda suka yi dariya ran nan. Ya cire hula.

"Jatau, a nan na ce ka sha mini mai, a nan zan janye. Na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."